Cigiyar Farin Sa

Zuwa ga aminina Malam Garba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da ranka ma ba ka karanta wasiƙa, sai dai ka miƙo mini in karanta maka, kunnenka ɗaya na kan rediyo.

Gida lafiya. An yanke gero, dawa ta kusa. Tashar jiha tana nan yadda ka bar ta: shirin manoma da safe, inda wani mai digiri da bai taɓa riƙe fartanya ba yake koya mana noma, sai gaishe-gaishe, sai cigiya bayan labaran rana. Rediyonka tana wurin matarka Hajara. Ta ɗaure ta da roba, don a kan rediyon sandar farko ta sauka kafin ta same ka.

Garba, ka san ni na kai cigiyar nan tashar. Abin da ba ka sani ba shi ne, ba wanda ya saci farin sana. Ni ne ban ɗaure shi da kyau ba, ya kwance ya bi gonaki. Na ji kunyar a karanta wa jiha guda cewa Malam Idi, mai tarin littattafai, bai iya ƙulla igiya ba. Sai na rubuta an sace shi, na ƙara da cewa duk wanda aka gani da shi a kama.

Kai ka ji a gona. Ka tsinci san a bakin rafi, ka jawo shi za ka kawo mini. Mutanen ƙauyen nan na hanyar Gezawa su ma sun ji. An ce ka yi ta kiran sunana. Suka fasa maka kai da ƙota, suka karya hannun da ke riƙe da igiyar, suka ja ka a ƙasa har bakin titi. Ni na yi maka wanka. Ban gane fuskarka ba, sai da na duba yatsan nan da injin casa ya gutsure. Da yamma tashar ta ce an kashe wani da ake zargin ɓarawon shanu ne, sannan aka sa kiɗa.

Me ya kai ka? Ba ka iya jin sanarwa ka wuce kamar kowa ba?

Babban ɗanka Sani ya bar waldarsa a Rijiyar Zaki ya dawo. Ya gano mutumin da ya fara ihun ɓarawo, jiya kuma na gan shi yana wasa adda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kira ni Baba. Idan na yi shiru, zai sare wanda bai yi komai ba sai gaskata abin da na rubuta, shi kuma ya ƙare a kurkuku.

Gobe bayan asuba zan tare shi a zaure in faɗa masa, addar tana hannunsa. Ban san abin da zai yi ba.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka kabarinka.

Naka, wanda bai cancanci sunan ba,
Idi