Jikana Ba Zai Fara da C Ba

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidan da kantin maganinki kuna lafiya. Albishirinki: matar babban yarona na da juna biyu. Ba wanda ya gaya mini. Uwar yaron na kama tana murmushi ita kaɗai a bakin famfo, kin kuwa san ba ni ke sa ta murmushi ba.

Ban zauna ba. Na shiga wani kanti, na tarar da bitamin a jere kamar 'yan aji: A, B, C, har D. Ni da na tsufa ina duba jarrabawa, jikana ba zai fara da C ba. Na ce a ba ni A mafi ƙarfi, na kai wa yarinyar da hannuna.

Ki huta lafiya.
Yayanki mai jiran tukuici.

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, Allah ya raba lafiya. Sauran wasiƙar ka karanta a hanya.

Bitamin A mai ƙarfi irin wannan, a farkon ciki, yana iya taɓa zuciyar jariri da fuskarsa da ƙwaƙwalwarsa. Je ka karɓo kwalbar yau. Kuma lokacin bikinsu na ga tana shan ƙwayar kurajen fuska. Danginsu ɗaya da bitamin ɗin, ita ce ma ta fi muni. A tambaye ta ko ta daina, sannan a kai ta wurin likita.

Da ƙanwa mai kantin magani ka je na wani?

Ki huta, in ji ka. Ban huta ba.
Ƙanwarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa: rabon da in yi gudu tun ina saurayi. Ina karanta wasiƙarki na fita a guje, takalmi ɗaya nawa, ɗaya na yarona.

Ƙwayar kurajen ta daina tun bara, likitan fata ya gargaɗe ta. Tawa kwalbar ce aka taɓa, ta sha na 'yan kwanaki. Na ce, "'Yata, ba ki karanta jikin kwalbar ba?" Ta sunkuyar da kai. "Na karanta, Baba. Amma kai ka kawo."

Kin ji. Ta fi tsoron ɓata mini rai a kan rubutun kamfani.

Likita ya ce abin da ta sha ba yawa, amma sai cikin ya ƙara girma a ɗauki hoto. Uwar yarona ta daina murmushi.

Ki sa mu a addu'a.
Yayanki.

*

Auta,

A gurguje nake gaishe ki. An yi hoton. Zuciyar jaririn na bugawa kamar ta makararren ɗalibi, likita ya duba ko'ina bai ga abin tsoro ba. Na tambaye shi wani tudu da na gani a tsakiyar fuskar. Ya dubi hoton, ya dubi hancina, ya ce wannan kam gado ne.

Ki gaida maigidan.
Kaka.