Kujerun Alhaji Ummaru

Alhamis da dare, Tambuwal

Ƙungiyarmu ta kiɗan gargajiyar Turawan ƙasar Ailan ta cika maƙil yau, har daga Kebbe an zo bisa babura. Amma hankalina bai kwanta ba.

Alhaji Ummaru mai neman kansila ya aiko muna da kujerun roba, wai don Allah. Tun ranar da muka fara na ce kiɗan nan ba a wasa kowa cikinsa. Sai ga Bube mai goge, ana tsakiyar kiɗa, ya saki murya: "Ummaru gagara gasa!" Na harare shi, ya ce, "Malam, baki ne ya suɓuce."

Suɓucewa da sabuwar hula a kai? Gobe kujerun nan za su koma. Tabarmarmu ba ta taɓa neman kirari ba.