Goggona tana rera waƙar da na yi a kanta, ba ta sani ba

Assalamu alaikum 'yan uwana mata na wannan guruf. Admin don girman Allah ki ɓoye sunana, garinmu ba shi da girman da mutum zai ɓuya. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya ɗau zafi, kuma duk wanda zan iya tambaya a gida yana cikin maganar.

Ni tela ce a Kontagora, ina da ɗan shago kusa da kasuwa, ina da aure da yara uku. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, yayarta ce ta ɗauke ni riƙo, ita nake kira Goggo. Yanzu ta tsufa, ga hawan jini, 'ya'yanta mata duk aure ya kai su nesa, don haka a wurina take zaune. Kullum tare muke fita shago, tana gefe a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa tana yi wa kwastomomina faɗa a kan ɗinkin zamani.

Kwanakin baya wata tsohuwar malamar makaranta, Anti Saratu, ta shirya wa mata zalla zaman koyon waƙa a gonarta da ke hanyar Rijau. Gona ce mai mangwaro da kashu, ga rafi a ƙasanta. Ta ce mu bar hayaniyar gari mu zo mu koyi tsara baiti, da fitar da murya, da tsayuwa gaban mutane ba tare da gwiwa ta yi rawa ba. Ni dama tun ina yarinya nake ƙunƙunin waƙa a kan keken ɗinki, ban taɓa bari wani ya ji ba. Maigidana ya ce in je tunda mata ne kawai kuma ba nisa. Muna isa aka tara wayoyinmu a cikin ƙwarya, Anti ta ce abin da aka rera a gonar nan a gonar zai tsaya. Musulmi da Kirista duk muka ɗauki alkawari. Wallahi da ba don wannan alkawarin ba da ban buɗe bakina ba.

Anti tana da wata dabara. Ta ce kowace ta je ta zauna ita kaɗai a gindin bishiya ta tsara waƙa a kan abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, sannan a yi musaya, wata ta rera taki ke ki rera tata, wai don mai kunya ta ji maganarta daga bakin wata. Ban san abin da ya hau kaina ba, ina zama bakin rafin nan sai yarintata ta dawo min. Yadda in Sallah ta zo Goggo take yanka wa 'ya'yanta atamfa sabuwa, ni kuma a harhaɗa ragowar ƙyallen a ɗinka min, hannun riga daban jiki daban. Yadda su za su tafi yawon Sallah ni ina wanke tukwane. Na yi baitin da ke cewa, "Ƙyalle nawa, turmi nasu, Sallah ta zo ina bakin murhu." Amshin kuma, "A ba ni ragowa, na gode." Ban saka sunan kowa ba.

Wadda waƙata ta faɗa hannunta ita ce Ladi, 'yar Rijau, mai ba da waƙa a zumuntar matan cocinsu. Muryarta kamar a zuba ruwan sanyi a randa. Tana rerawa matan nan suka kama amshi suna tafi, wasu na share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Na dawo gida ina ta yi wa Anti addu'a.

Ashe wata baiwar Allah ba ta saka wayarta a ƙwarya ba, ko kuma biyu ta zo da su. Har yau ba mu san ko wace ce ba, in na tuna raina har tafasa yake. Ta yi rikodin, ta ɗora a sitatus, daga nan abu ya bazu. Ban ankara ba sai ji na yi mai injin markaɗe na layinmu ya saka, 'yan acaɓa suna tura wa juna, yara na tsalle suna a ba ni ragowa na gode. Na kira Anti na yi mata tatas, na ce ina alkawarin, ta ce ita ma an ci amanarta, ta tambayi kowa kowa ya rantse. To rantsuwar me za ta gyara min yanzu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne Goggo. Wata kwastoma ce ta kunna a shagona. Na duƙar da kai a kan keke kamar zare ya tsinke. Goggo ta ajiye gyaɗarta ta ce a sake sakawa. Aka sake. Sai ga hawaye. Ta ce, "Allah ya isar wa yarinyar nan. Haka aka yi min a Kumbashi, gidan kawuna, har na yi aure ban san zane mai kala ɗaya ba." Ta ce duk matar da ta yi wa marainiya haka ba za ta ga daidai ba. A gabana fa, ina zaune. Tun daga ranar kullum sai ta rera, tana ɓara tana amshi, har gyara min baiti take in na yi kamar ban iya ba.

Ku gane min, ban san wanne ya fi min ciwo ba, ta gane ko kuwa wannan rashin ganewar. Abin da na kwana da shi shekara da shekaru, ita ko alamarsa babu a ranta. Wani lokacin ina so in girgiza ta in ce Goggo duba ni, ni ce. Amma kuma ita ce ta goya ni a bayanta ta kai ni asibiti da ƙafa lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ni. Ita ta yi min wankan jego duk haihuwata uku, da hannunta, ba ta bar wa kowa ba. Ba muguwa ba ce, abin da aka yi mata ta yi, ina jin ko lura ba ta yi ba.

Da a nan abin ya tsaya da na haɗiye. To ga Ladi. Tunda muryarta ce a rikodin, duk Rijau sun ɗauka labarinta ne. Ita ma marainiya ce, matar kawunta ce ta raine ta, kuma ta riƙe ta tsakani da Allah, har makaranta ta kai ta kafin nata 'ya'yan. Yanzu matar ta daina zuwa coci saboda kallon da ake mata, a kasuwa ana nuna ta da baki. Ladi ta ce musu ba waƙarta ba ce, suka ce to ta wace ce, ta ƙi faɗa saboda alkawarin gona. Ta kira ni tana kuka, ta ce, "'Yar uwa, ni ban sayar da ke ba. Amma Mama ba ta cin abincina, ba ta amsa gaisuwata. Ki zo ki ɗauki kayanki." Na ce ta ƙara min haƙuri, ta ce haƙurin ba nata ba ne, na tsohuwar da ba ta yi laifin komai ba ne. Kuma gaskiya ta faɗa.

Asabar mai zuwa Anti za ta tara mu a gonar, kowace ta gayyato matan gidansu su ga abin da muka koya. Ladi ta ce za ta kawo Mamanta, kuma abin da take roƙo shi ne in tsaya gaban jama'a in rera waƙar da bakina, in ce tawa ce. Maigidana ya ce in ce labarin wata kwastoma ne na ji na tsara. Amma a gaban matan da suka ga lokacin da na miƙa wa Ladi waƙar ina kuka zan yi wannan ƙaryar? Kuma ko na hana Goggo zuwa, kafin mu dawo gari labari ya riga mu.

Goggo ma ta ce ƙafarta ƙafata. Ta san tare muka yi zaman da mai muryar, don haka jiya da safe ta buɗe akwatinta ta ciro turmin atamfa, wanda na san ta daɗe tana ɓoyo. Ta ajiye min a kan keke ta ce, "Ke kin san jikinta, ki ɗinka mata riga da zane da ɗankwali. Duka a ciki, kada ki rage ko ƙyalle. Ni zan ba ta da hannuna."

Ga shi nan a gabana ina rubuta muku wannan, ban iya sa masa almakashi ba, don ban san awon wa zan ɗauka ba.

Don Allah iyayena da yayyena, ya zan yi? In zaunar da Goggo in faɗa mata kafin Asabar, da hawan jinin nata? Ko in yi shiru in bar Ladi da Mamanta da kayan da ba nasu ba? Wadda aka taɓa riƙo, ko wadda ta taɓa riƙon ɗan wani, ta faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Zan karanta komai, amma don Allah banda zagin Goggo.