Ƙullin Ƙwayoyin da Ba Su da Suna

Zuwa ga Shugaban masu shagunan magani na unguwar Gomari, Maiduguri.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ce Yagana, matar marigayi Modu birkila. Sai yanzu na fita takaba, shi ya sa ba ka ji ni da wuri ba.

Na farko. Cikin azumin da ya wuce Modu ya zame daga kan katako a wurin gini, ya yi targaɗe a idon sawu. Targaɗe fa kawai, ko tsagewar ƙashi babu. Ya je wani kemis a bakin titinmu, aka ƙulla masa ƙwayoyi kala uku a farar leda, ba kwali, ba suna, aka ce safe, rana da dare. Ba wanda ya tambaye shi ko yana azumi, balle a ji yana da olsa. Shi kuwa don kada ya karya azumi, sai ya riƙa haɗa na safe da na rana ya haɗiye a sahur, da ruwan shayi kawai.

Na biyu. Ciwon ya ɗauke ɗif, kuma nan na fara jin tsoro. Ƙafa ta kumbura har sai da ya yanke madaurin silifas ɗinsa, amma yana taka ta yana hawa gini kamar ƙafar wani aka ara masa. Ƙulli ya ƙare, ya sayo wani. Ina kallo tafin hannunsa yana yin fari fat.

Na uku. Wata la'asar ya yi amai a kwano, baƙi ƙirin, da ɓurɓushi kamar ƙasa. Yayarsa, Ya Falmata, ta leƙa kwanon ta ce sammu ne aka binne a wurin ginin ya taka, ga shi yana fita. Wallahi murna muka yi. Muka kunna turare, muka kewaye kwanon muna hamdala, ashe jininsa muke kallo. Sai da ya faɗi muka kai shi asibiti. Likita ya kwance ledar ya ce duk ukun 'yan gida ɗaya ne, masu rage zafi da kumburi. Ɗaya ake sha, bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, a hutar da ƙafa. Haɗa su ne ya ci masa ciki. Modu bai ga Sallah ba.

Na san kwana ne ya ƙare, amma raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

Roƙona, ka hana mutanenka ƙulla magani ba suna. Su daina haɗa masu aiki iri ɗaya. Su tambayi mai saye ko yana azumi, ko yana da olsa, kuma su faɗa masa baƙin amai ko baƙin bayan gida jini ne, asibiti ake gudu.

Ka hanzarta, ranka ya daɗe. Bukar, ƙanen Modu, shi ke riƙe da marayuna yanzu, kuma ya gurɗe a hannu. Ranar Juma'a na ga farar ledar nan a aljihunsa, ƙulli iri ɗaya. Na ƙwace, ya yi mini dariya, wai hannun ya daina ciwo ɗif. Shagon kuwa yana nan a buɗe.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare iyalinka daga abin da idona ya gani.

Wassalam.
Yagana, Gomari.