Injinku Ya Cinye Ƙwaryar Surukata

Zuwa ga Manajan kamfanin da ke sayar da injin zane na leza, wanda tallansa ya cika mana wayoyi.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina kuma fatan ciniki yana tafiya. Na ma san yana tafiya, don kuɗin masarata suna ciki.

Sunana Isiyaku, a kasuwa Isiya Dillali ake ce mani. Hatsi nake saye da sayarwa tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Na yi sakandare, sauran karatun a bakin buhu na ƙarasa shi. Na rubuto wannan takarda a bainar jama'a ne saboda lambar da kuka ba ni, duk lokacin da na kira, kiɗa take yi mani, ni kuwa ba rediyo na saya wurinku ba.

Da yabo zan fara, don kun cancanta. Na daɗe a kasuwa. Na ga wanda ya sayar da dawar bara ya rantse jiya aka sussuke ta. Na san masu gyara saman buhu, wasunsu ma muna gaisawa. Amma ban taɓa ganin gwani irin mutuminku mai amsa waya ba. Allah ya yi mashi murya. Tun kafin in gama sallama ya ba ni Alhaji kyauta, alhali ko Kano sai da dalili nake zuwa. Tallanku ma abin a yaba ne: wani mutum da farar riga a falo mai sanyi, ya danna maɓalli, ya ɗauki kofin shayi ya fita, ya dawo ya tarar da hoton zaki a jikin katako. Na tambayi mutumin naku ko haka abin yake da gaske. Amsarsa har yau tana kunnena: "Alhaji, ka danna kawai ka tafi harkarka, inji ya san aikinsa." Ya ƙara da cewa a kan komai yake rubutu, kuma za a turo mani malamin da zai koya mani.

Ni ba don sana'a na saya ba. Mutum in ya kai shekaruna yana son abin da zai riƙa taɓawa da la'asar wanda ba buhu ba. Wasu tattabaru suke kiwo, wasu dara suke bugawa. Ni wannan haske mai rubutu da ƙuna ne ya shiga raina. Ga yadda muka kwashe da shi.

Na farko, yadda ya iso. Bayan kaka ne, a saman motar haya, ƙarƙashin buhunan albasa. Na buɗe kwali ina tsammanin inji, sai na tarar da ƙarafa da kusoshi da igiyoyin waya, kowanne a ledarsa, da takarda mai Turanci a gaba, rubutun Sin a baya. Malamin da za a turo kuwa, ina jin har yanzu yana neman takalminsa. Maƙwabcina Malam Lawal mai gyaran waya shi ya haɗa shi, yana haɗawa yana yi mani dariya. Mutumin tallanku bai nuna inda yake samun wuta ba, mu nan sai da na jona shi da batirin sola na ɗakin maiɗakina, Hajara, aka yi sulhu a kan ba zan taɓa mata wutar fanka ba. Bai kuma nuna hayaƙi ba. A ranar farko gidana ya ɗauki ƙauri irin na tukubar mai tsire, har wani dattijo ya tsaya a ƙofa yana tambaya ko an yi mana haihuwa ne ba a sanar ba.

Na biyu, koyo. Da kaina na koya, a jikin guntayen katakon da na roƙo wurin kafinta. Abubuwa biyu ake juyawa, ƙarfin haske da saurin tafiyarsa. In ka ba shi ƙarfi ka hana shi sauri, gawayi zai miƙo maka. In ka sake mashi gudu ka rage ƙarfi, sai ka matso da ido kafin ka ga kamar tururuwa ta bi ta wurin. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe da ake auna tazarar kan injin da katako. Na jefar da shi tare da kwali, sai a bakin akuya na ƙwato shi. Koren tabarau ɗin da kuka sako, na gode, duk da guda ɗaya ne, kuma gidana duk mai ido yana son leƙe. Maganar "a kan komai" kuwa, na gwada kwanon silba, na gwada samira. Hasken ya yi ta sintiri a kansu ya gama, kwano ya fito yadda ya shiga.

Amma ni ba mai cin amanar gaskiya ba ne, in ba a kan farashi ba. A kan katako da fata injinku sarki ne. Na sa sunana a takalmina, tun daga nan ba a sake yi mani musanya a ƙofar masallaci ba. Sannan na shiga madafa. Mai yiwuwa a inda kake ba a yin haka, to mu a nan, in za a yi biki, mata kan kwashi kayan girkinsu su kai gudummawa, kowacce ta ɗiga wa nata jan farce don ta gane shi. Kafin a watse, wanke-wanke ya cinye alamar, sai a dawo gida da ludayin wata, a bar muciyar gado a can. Na zana wa Hajara sunanta a ludayi da muciya da akushi, har da ɗan fure a gefe. Ta je biki a Sabuwa ta dawo da kayanta cif, ba ko ɗaya da ya yi ɓatan kai. A ranar tuwona har da man shanu. Labari ya bi bakin mata, ya hau mota, ya sauka a Ruwan Godiya, garin surukata.

Na uku, kuma shi ne dalilin takardar nan, ƙwarya.

Hajiya, mahaifiyar Hajara, tana da wata babbar ƙwarya da ta gada wurin tata mahaifiyar. Tsufa ya mai da ita kalar zuma. Duk auren da aka yi a gidan nan, duk suna, a cikinta ake dama furar manyan baƙi. Furar da aka ba ni ranar da na je neman aure, daga cikinta aka zubo. Auren autanta yana tafe bayan Babbar Sallah, sai ta naɗe ƙwaryar a zane ta ba direba ya kawo, da saƙo: a ce wa Isiyaku ya sa mata suna, ta gaji da zaman gadinta a gidan biki.

Ranka ya daɗe, a nan ne aikin ya fi ƙarfin takardarku. Tunda na auri Hajara, sunan Hajiya bai taɓa bi ta harshena ba. Na san shi, amma suruki ba ya kama sunan surukarsa, kuma a ganina yatsa ma ɗan'uwan harshe ne, ba zan zauna in danna shi baƙi bayan baƙi ba. Na ce wa Hajara ta rubuta, ta dube ni kamar na ce ta hau rufin ɗaki. Muka kira Malam Lawal. Ta tsaya daga bayan labule ta ce mashi, "Takwarar ƙanwarka ce." Ya gane, ya rubuta a kwamfutar da aka jona da injin, ya kife ƙwaryar ƙarƙashin inji, ya auna tazara a tsakiyar bayanta, ya koma shago don akwai masu jiransa. Ƙarfin hasken, na bar shi yadda nake yi wa akushi.

Na sa tabarau, na yi bisimilla, na danna. Baƙin farko ya fara fitowa, kyakkyawa, baƙi wuluk. Sai na ga kaina tsaye, hannu a ƙugu, na zuba wa sunan surukata ido yana fitowa a gabana. Kunya ta rufe ni. Ko a gabanta ba na ɗaga kai, balle in tsaya ina ƙare wa sunanta kallo. Nan take na tuna da mutuminku da mai farar riga. Na ce ai inji ya san aikinsa. Na fita zaure na zauna, har ina amsa gaisuwar masu wucewa, ina jin kaina mutum mai ladabi kuma mai zamani.

Ban daɗe ba na jiyo Hajara daga ciki, da muryarta ta kullum, ba ko gaggawa: "Malam, injinka fa ya ɗora girki." Kafin in kai ɗakin ta riga ta juye mashi buta. Ƙwaryar da ta sha fura da man shanu tun kafin a haife ni, busasshiya ƙayau, ta kama da wuta. Inda sunan zai zauna, rami ne ya zauna. Injin kuma, tunda ya sha ruwan nan, sai ya kunna fitila ya yi shiru, kamar mai bin bashi da aka ba haƙuri.

Da yamma Malam Lawal ya dawo ya bi takardarku da gilashinsa na gyaran waya. A can shafin ƙarshe na Turancin, da rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ya samo inda kuka ce kada a taɓa barin injin shi kaɗai yana aiki, kuma shimfiɗaɗɗen abu ake sa mashi, don a kan abu mai tudu hasken yakan rikice. To, ranka ya daɗe, takardarku ta ce a tsaya, bakin mutuminku ya ce a tafi. Mu mutanen kasuwa, baki muke saye. Ba a taɓa ƙulla cinikin buhu da shafin ƙarshe ba.

Na huɗu, inda nake yanzu. Na kai ƙwaryar wurin gyartai a kasuwar Sabuwa. Ya juya ta, ya zura hannunsa ta ramin ya miƙo mani muka gaisa, ya ce shi tsaga yake ɗinkewa, bai iya rufe taga ba. Wani abokina ya ba ni shawarar in sayi sabuwa in turara ta da hayaƙi in shafe ta da mai. Wannan dabara ta yi wa baƙo, ban da Hajiya, wadda daga ƙarar ludayi take gane ƙwaryarta. Ta aiko direba ya tambaya, na ce aiki yana tafiya. Ta sake aikowa, na ce ana kan fure. Yanzu in zan je Faskari, bayan mota nake shiga in ja hula, don duk direban hanyar nan ɗan saƙonta ne. Hajara ta ce ita ba ta gani ba, ba ta ji ba, buta kawai ta riƙe. Sallah kuwa tana matsowa, kuma ba za a dama furar nan a cikin bokiti ba tare da an tambayi dalili ba.

Saboda haka ga buƙatuna, cikin girmamawa.

Ku cire mai shayin nan daga tallanku. In kuwa kuna sonsa, ku zaunar da shi a gaban inji, da tabarau a idonsa da bokitin ruwa a gefen ƙafarsa. Ku fitar da gargaɗin da Hausa, da manyan baƙaƙe, a shafin farko, ku kuma naɗe shi da murya don masu saye ta waya, tunda murya kuna da ita. Ku turo malamin da kuka yi alkawari, ya taho da sabon kan inji, da wannan abin mai juya kaya masu zagaye, wanda sai bayan gobara na ji ashe akwai shi, daban ake sayarwa. Injin dai ba zan mayar maku ba. Ina sonsa, kuma akwai matan unguwa da ludayansu a layi.

Buƙata ta ƙarshe ita ce babba. Ranar Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan naɗe ƙwaryar a zanen da ta zo ciki in tafi Ruwan Godiya, in durƙusa in faɗi abin da ya faru. Zan riƙa sabon akushi da turmin atamfa, duk da na san ba su za su yi magana ba. Ina roƙon ku ba ni aron mutuminku mai amsa waya ya raka ni. Kuɗin motarsa a wuyana, abinci kuma gidan Hajiya ba a fita da yunwa ko da laifi aka zo. Ba abin da zai yi illa ya durƙusa kusa da ni, ya maimaita mata abin da ya faɗa mani, da wannan muryar tasa mai daɗi. Wanda ya iya sayar wa dillali inji a cikin leda, ina ganin zai iya sayar wa tsohuwa haƙuri.

Allah ya ƙara wa kamfaninku albarka, ya kawo masu saye, ya tsare ku daga gobara, ta wuta da ta surukai. Allah ya sa ka gama da iyayen matarka lafiya.

Wassalam. Naka mai saye, wanda bai fasa ba,
Isiya Dillali, Ƙanƙara.

Ina cikin naɗe takardar nan sai ga kira daga ofishinku, wata baiwar Allah mai ladabi. Ta ce an duba maganata, garanti ya shafi inji, bai shafi ƙwarya ba. Na yi mata godiya, har ta kashe ban tuna na tambaye ta ba, sai ku taya ni dubawa: suruki fa, wajen inji yake ko wajen ƙwarya?