Ruwan Tekun Kaka

Bin Mahmud, Doha
Satumba, 2021

Zuwa ga Yayata Fausatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Kaka? Yaya idon nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, an sassauta kullen korona, na koma makaranta da takunkumi a fuska. Malam Mas'udu, mutumin garinmu da ke gadi a filin jirgi, shi zai ɗauki hoton takardar nan ya turo miki. Kada ki karanta ta a gaban kowa.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da Kawu Abdulbaƙi ya ɗauko ni daga Yawuri ya kawo ni ƙasar nan, ko ɗan yatsana bai taɓa ruwan teku ba. Na san kin ga hotunan da matarsa Anti Safiyyatu take turawa, ina tsaye ruwa na bayana, kin ɗauka kullum a ciki nake wuni. Tsayar da ni ake yi, a ce in yi murmushi, a ɗauka, sai Kawu ya ce yalla, wato maza, mu koma mota.

Kin tambaye ni abubuwan kallo na bakin teku. Akwai wani dogon titi da suke kira Kornish. An yi masa daɓe, an yi katanga tsakaninka da ruwa, mutane suna ta tafiya da sauri ba inda za su. Akwai tsibirin da aka ce mutum ne ya cike ruwa ya gina shi, jiragen masu kuɗi a ɗaure jere da juna, fari fat, ban taɓa ganin ko ɗaya ya motsa ba. Jirgin da ba ya ƙarnin kifi, ina amfaninsa? Akwai kuma Katara, inda manyan mutane masu gemu suke kwanciya a kan yashi kamar an shanya su. Shi kansa tekun a kwance yake, ba ya zuwa ko'ina. Kogin Neja ko yana barci ya fi shi rai.

A can Katarar na cire takalmi sau ɗaya. Anti ta harare ni ta ce ba a Yawuri muke ba, kuma gishiri yana lalata shimfiɗar mota. Na mayar da takalmina. Kin san ni da nauyin baki a gaban mutane.

Na ji saƙon Kaka. Ki ce masa amaryarsa ta ji, ba na so ya yi ta mita. Ya ce shi ba ya son turare ko jallabiya, gora ɗaya ta ruwan teku yake so. Ya yi rayuwarsa duka yana su a Neja, an ce masa kogin a teku yake ƙarewa, yana so ya ɗanɗana inda ruwansa yake zuwa. Na faɗa wa Kawu, ya yi dariya ya ce tsoho da rigima, za a aika in an samu mai tafiya.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Taki ƙanwa,
Zaituna

Bin Mahmud, Doha
Nuwamba, 2022

Yayata Fausatu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarku. Na ji kin ce Kaka ya daina fita bakin kogi, idon ya rufe gaba ɗaya, abinci ma sai an lallaɓa. Na kuma ji ya ce a tambaye ni ko teku ya ƙafe ne, shekara ta zagayo gora ba ta iso ba. Wallahi ban manta ba. Mai tafiya ya samu har sau nawa, turare da dabino ake ba shi.

Yanzu gari ya cika saboda Kofin Duniya. Muna da baƙo, Alhaji Ja'afar, yayan Anti, ya zo daga Kaduna kallon ƙwallo. Saboda shi aka sake zagayawa da mu duk wuraren nan. Ya sayi rawanin Larabawa a kasuwar Waƙif ya naɗa a karkace, duk inda aka tsaya sai ya ɗaga yatsu biyu. Ni ce mai riƙon jaka da ɗaukar hoto.

Mun hau jirgin katako daga Kornish, irin wanda aka ce kakanninsu suna nutso da shi su ciro lu'ulu'u. Yanzu an rataya masa fitilu kala-kala da lasifika, ya ɗan zagaya da ku ya dawo inda ya ɗauke ku. Ruwan ko motsin kirki bai yi ba, amma Alhaji ya ƙanƙame ƙarfe yana salati, Anti ta rufe ido. Bakin jirgin ya yi tsawo, na miƙa hannu bai kai ba.

A cikin jirgin nan Alhaji ya tambayi Kawu, wai har yanzu Baba, wato Kaka, yana harkarsa? Kawu ya gyara tabarau ya ce ai ya yi ritaya daga harkar sufurin ruwa. Sufurin ruwa, Yaya. Kwale-kwale ɗaya da taru da ya sha ɗinki. Da kifin tarun nan aka yi wa Kawu karatun da ya zama injiniya. Na kalli ruwa kawai, kunya ta kama ni a madadinsa.

Da muka sauka na yi ta maza na tuna wa Kawu gorar, tunda Alhaji zai koma gida da an gama wasanni, ya ce zai ba direba ya kai muku kayan tsaraba. Akwai wasu matakala da suka gangara har cikin ruwa. Kawu ya dubi jama'a, Turawa da Larabawa da tutoci, ya ce shi ba zai tsuguna yana ɗibar ruwa a gora ba kamar mai neman magani. Ni ma ya hana ni.

Washegari na shiga kicin na tarar da Anti ta tara ruwan famfo a gora, tana zuba gishirin miya da cokali tana girgizawa. Ban san lokacin da na ce ai wannan ba shi ba ne. Kawu ya leƙo, ya yi mini bayani a hankali kamar yana aji. Ya ce ƙasar nan ba ta da kogi, duk ruwan famfonsu daga teku ake janyo shi a cire gishirin, aikin da yake yi ke nan kullum. Saboda haka in an mayar da gishiri, ruwan teku ne, ba ƙarya a ciki. Khalas, wato shi ke nan, in ji shi. Alhaji ya yi ta dariya yana cewa boko ya yi rana.

Wataƙila a takarda ya yi daidai. Amma tsohon da ke sa ruwa a baki ya gaya miki ko an yi ruwan sama a sama da Yawuri, shi za a ba ruwan famfo da gishirin miya? An naɗe bakin gorar da salatif, an ajiye ta a kan firij tana jiran akwati. Kullum in na shiga kicin sai na gan ta.

Kada ki gaya masa komai tukuna. Ki ce tana nan tafe.

Taki,
Zaituna

Bin Mahmud, Doha
Disamba, 2022

Yayata Fausatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, da fatan Kaka ya ji sauƙi ko kaɗan. Na gode da kika ce yana tambayata. Alhaji zai taso jibi, kayanku suna cikin akwatinsa.

Ranar Asabar aka kai shi yawon ban kwana, bakin ruwan Wakra, kudu da Doha. Wurin iyalai ne, akwai rumfuna da wurin gasa nama. Sun shimfiɗa darduma nesa da ruwa, sun juya masa baya saboda hoto ya fi kyau haka, suka hau gardamar wanda zai ci kofi. Tun daga Kaduna mutum ya zo teku, ya zauna yana kallon mota.

Na ce zan je wanke hannu. Gorar makarantata tana cikin hannun abaya. Na yi ta tafiya, ruwan wurin ba zurfi, sai kin yi nisa kafin ya kai gwiwa. Ban tsaya a baki ba, inda yara ke dama shi. Na shiga har ƙugu, kamar yadda Kaka ya koya mana, ba a ɗibar ruwan sha a gefe.

Zan faɗi gaskiya, ba a kwance yake ba kamar yadda na ce miki. Yana jan yashi daga ƙarƙashin ƙafa a hankali, ya dawo da shi. Akwai ƙananan kifaye kamar 'yan ƙarfasa da suka zo suna taɓa mini yatsu. Har yanzu bai kai Neja ba. Amma yana da wari nasa, wanda gorar kan firij ba ta da shi.

Da na fito abaya ta jiƙe sharkaf. Anti ta yi faɗa tun daga Wakra har Bin Mahmud, a kan leda aka zaunar da ni a mota. Ta ce ɗan ƙauye ko an kai shi London sai ya nemi rafi. Kawu ya kalle ni ta madubi sau ɗaya, ya daɗe, sannan ya ƙara sautin rediyo. Ban san me ya gani ba, ban kuma damu ba.

Jiya da rana, suna kasuwa sayen sauran tsaraba, na sauko da gorar. Na ɓare salatif, na juye ruwan Anti a wurin wanke-wanke, na ɗauraye, na zuba nawa, na naɗe bakin yadda yake. In ta iso ki ɗaga ta a haske, za ki ga ɗan yashi ya kwanta a ƙasa. Ki zuba masa shi a tafin hannu ya murza. Kada ki bari ya sha da yawa, kurɓa ɗaya ya isa.

In Kawu ya tambaye ni, zan gaya masa abin da na yi. Amma ni ba zan tayar da maganar ba.

Ni ban ɗanɗana ba. Har fuska ya fantsamar mini, na rufe bakina gam. Kaka ne ya fara nema, shi zai fara sha. Ki rubuto mini abin da ya ce, daidai yadda ya faɗa, ko da zagin tekun ya yi.

Ki gaishe da maigidanki da yara. Ki ce wa tsohon nan amaryarsa ta cika alkawari, saura nasa na warkewa.

Taki ƙanwa har kullum,
Zaituna