Kunun Zulfa Babu Kanwa

Magama, Jibiya.

Zuwa ga Yaya Salmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin tambayi jikina. Sankarar nonon ta tafi, in ji likitan Katsina, amma jan ruwan maganin nan da suka yi ta ɗura mini ya taɓa zuciya. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ƙafafuna sun kumbura, daga gida zuwa shingen kwastan sai na tsaya ina haki. An hana ni gishiri da kanwa da ɗaukar nauyi, ni da na tsufa ina sayar da kanwar Nijar a bakin iyaka!

Duk wannan bai ɓata mini rai ba kamar saƙon Hajiya Bilki, uwar mijin ɗiyata Zulfa. Cikinta ya tsufa, na fari ne kuma, amma wai ba za ta zo gida goyon ciki ba, don mai haki ba ta iya wankan jego. Yaya, ban mutu ba an fara rabon gadona. Gobe zan tsallaka Nijar, garin Ɗan Issa inda take aure, in ɗauko abata, ko da a bayan babur zan suma.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanwarki,
Zaituna

Zuwa ga Yaya Salmatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata sanyin nan bai tayar miki da ƙafar ba.

Albishirinki, Zulfa ta sauka lafiya a ɗakina, mace. Ranar da na ɗauko ta, jandarmomin Nijar ma da suka ga yadda nake numfashi ba su tsare mu a iyaka ba.

Gaskiyar Bilki ɗaya ce, ba na iya ɗaga tukunya. Maƙwabciyata Sakinatu ke ɗagawa, ni ina kan kujera da ganyen darbejiya. Amma ruwan mai ɗumi ne kawai, kunun kuma babu kanwa. A asibiti na kwanta kusa da masu jego, yara ƙanana, ƙafafunsu kamar nawa, alhali ba a taɓa ɗura musu jan ruwa ba. Likita ya ce kunun kanwa da tafasasshen ruwa suna da hannu a ciki. Tun ranar na yi rantsuwa ba za a yi wa Zulfa haka ba.

Ranar suna Bilki ta zo da dunƙulen jar kanwa. Da ta ɗanɗana kunun sai ta ce zan bar yarinya da ɗanyen jiki, a haɗa kayanta su koma. Na janye zane a gaban mata, na danna yatsa a ƙaurina, ramin ya ƙi tashi. Na ce mata, "Hajiya, zuciya ɗaya ta lalace a gidan nan, ta isa."

Zulfa ta miƙo mini jaririyar ta koma ɗakina. Bilki ta hau mota ita kaɗai. Kanwar tata awakina suna ta lasa, sun gode.

A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki da ke nan daram,
Zaituna